Dankalin da Garzali Ya Tofar

Shekara ashirin da bakwai Malam Garzali ya yi a layin 'yan dankali na kasuwar Gaya, kuma bai taɓa noma ko kunya ɗaya ta dankali ba. Dillali ne. Manoma su kawo buhuna daga ƙauyuka su jingine a rumfarsa, masu saye su zo su tsaya, shi kuma ya zura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba inda ake jera manya don ido, ya zaro guda. Ya kankare ɓawon da farcen babban yatsa, ya karya shi biyu, ya sansana, sannan ya gutsura ɗanye ya tauna. In ya haɗiye, kaya sun yi. In kuwa ya juya kai ya tofar, to mai kaya sai ya fara cigiyar masu awaki. Matan da ke suyar dankali a bakin tasha da ƙofar makarantu sun daɗe da daina wahalar da kansu wajen dubawa. Bakin Garzali kawai suke kallo.

Abin da ya sa aka yarda da bakin nasa shi ne kowa ya san mutum ne mai ƙyama. Ba ya cin abincin kasuwa. Butarsa daban, kofinsa daban, kuma in zai je masallaci gara ya zaga ta bayan 'yan tukwane da ya bi ta gaban mahauta, inda jini da ruwan tumbi ke gangarowa cikin kwata, ƙudaje na bin su. A ƙarshen damina, lokacin da kasuwar ke komawa caɓi, ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon rake da kashin jakuna duk su cakuɗe wuri ɗaya, sai ka gan shi yana tafiya da wando a tattare, fuska a yamutse, kamar wanda aka aiko dole. Dankali kaɗai ya amince wa. Yakan ce abu ne da Allah ya rufe da ɓawo, ba hannun da ya taɓa cikinsa, ka karya ka ga fari tas. Mutane suka ga ai abin da wannan mutum ya iya haɗiyewa, kowa ma zai iya.

Cikin manoman da ke kawo masa kaya akwai Gana, mutumin Gafasa ta ƙasar Ajingi. Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga Barno, amma shi ban da gaisuwa ba abin da ya riƙe na yarensu. Garzali kuma Bafillace ne na gida wanda bai taɓa tatsar saniya ba. Wannan bai hana su riƙe wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, a zagi juna son rai, kuma ba a yarda wani ya yi fushi ba. Duk shekara haka ake yi. Gana ya sauke kaya, Garzali ya leƙa ya ce wa ya koya wa Babarbare noma, wannan ai saiwar ƙaya ya haƙo. Gana ya ce Bafillacen da ko akuya ba shi da ita ina ya ga bakin magana. A yi dariya, Garzali ya gutsura ya haɗiye, kafin azahar buhunan sun tashi.

Bana Gana ya iso da hantsi, da buhu goma sha biyu a cikin kurkura biyu, baburan nan masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana murmushi tun kafin direbobin su kashe inji. Geronsa bai yi ba saboda ruwan da ya tsaya a tsakiyar damina, don haka da dankalin nan zai sayi hatsin da gidansa zai ci har shekara ta zagayo. Ya faɗa wa Garzali haka tun watan jiya. Amma yau ba fuskar mai damuwa ya zo da ita ba. Ya ce ya kawo wa bawansa abin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa gani ba.

Bilki na tsaye a bakin rumfar, ita ce babba a masu suya na bakin tasha, wadda in ta saya sauran mata ke bin bayanta. Akwai kuma wasu mata huɗu da 'yan sari biyu. Garzali ya kwance bakin buhu, ya zura hannu ya zaro. Ɓawon ja ne mai duhu, wannan ba sabon abu ba ne. Ya kankare da farce, sai ya ga ƙarƙashin ɓawon ba fari ba ne. Ya karya.

Cikin ruwan hanta ne, mai duhu har kusan baƙi, da wasu jijiyoyi fari-fari da suka zagaye shi, ga ƙaro yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo a bakin karayar. Garzali ya tsaya da rabi a kowane hannu. Shekara tara da suka wuce, ciwon suga ya ci ƙafar yayansa Zubairu, kuma shi ne ya yi wata huɗu yana wanke ta safe da yamma kafin a kai ga yankewa. Yatsun haka suka koma, wannan launin ba wani ba, har da farin da ke zagaye da gefe. Bai yi niyyar tunawa ba. Yawu ne kawai ya cika masa baki, mai ɗumi, mai gishiri-gishiri. Ya juya kai ya tofar a gefen rumfa.

Bai gutsura ba. Amma waɗanda ke tsaye ba su lura da wannan ba, tofarwar suka gani. Kuma da yake bakinsa ya saba da Gana, maganar ta fito da kanta kafin ya auna ta.

"Wannan a maƙabarta ka noma shi, ko a bayan kwata? Kwashe min mushen nan daga rumfa, Babarbare."

Aka kwashe da dariya. Gana ma ya yi, don ba shi da wata hanya. Da dariyar ta lafa ya shiga bayani. Ƙanwarsa Batula, wadda ke aure a wajen Jos, ita ta zo masa da guda biyar shekara biyu da suka wuce, ta ce a kasuwa ta gani. Ya binne su a gindin rijiya inda ƙasa ke da laima, suka tsiro, ya riƙa yankan yaɗon yana dasawa har ya yi yawa. Gidansa shekara biyu ke nan suna ci, dafaffe da soyayye, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Bana ya ba dankalin fadamarsa gaba ɗaya. Ya karɓi rabi daga hannun Garzali ya gutsura ya cinye a gabansu, amma ba wanda ya kalli bakinsa, don mai kaya ko me ya kawo zai ci. Sai ya nuna ɗaya rabin da ke hannun abokinsa.

"Ci mana, bawana. Mutane na jira."

Garzali ya dubi abin da ke hannunsa. Ya ajiye shi a kan buhu, ya goge yatsunsa a jikin tsumma, ya ce Bafillace ba ya cin abin da kura ta rage. Aka sake dariya, ba kamar ta farko ba. Ya juya ga buhun wani manomi daga Kademi, ya karya, ya ga fari, ya gutsura da sauri kamar mai kurkure baki. Bilki ta sayi na mutumin Kademi. Sauran matan suka bi ta.

Har la'asar ba wanda ya taɓa buhunan Gana. Wasu kan zo su tsaya daga nesa, su ce a karya musu su gani, su ja tsaki su wuce. Da rana ta yi sanyi ya nemo kurkura ya sake lodawa. Ya yi wa Garzali sallama yana dariya, ya ce Allah ya shirya Fulani.

Da magariba Garzali ya kasa cin tuwo. Matarsa Adawiyya ta tambaye shi, ya ba ta labari a gajarce, yana ƙarawa da cewa shi fa abin da ido bai karɓa ba ciki ba ya karɓa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ita ba ta san dankali kamarsa ba, amma ta san wanda aka haƙa ba ya jira. Shi ya fi ta sani. Dankalin da aka cusa a buhu, a wannan zafin na kaka, aka loda aka sauke, in ya yi mako guda ya yi ƙoƙari. Ya gaya wa kansa cewa kasuwar Ajingi saura kwana uku, can ba wanda ya ji abin da aka yi, Gana zai sayar.

Ranar kasuwar Ajingi, Adawiyya ta lissafa abin da ya ƙare a gida: daddawa, wadda ta ce ta Ajingi ta fi ta Gaya ƙamshi, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da man gyaɗa. Maƙwabcinsu ta saba ba wa saƙon. Garzali ya ce a bar shi, yau shi zai je. Ta dube shi, ta miƙa masa jaka da galan.

A motar Ajingi aka matse shi tsakanin wani mai kaji huɗu a ɗaure da wata mata da ke riƙe da kwandon bandar kifi. Ya yi tafiyar da hula a kan hanci. Kasuwar Ajingi kuma ta tarbe shi da abin da ya fi ƙi: an yi ruwan ƙarshe kwana biyu da suka wuce, ƙasa ba ta bushe ba, an tattake ta ta zama baƙin kunu, ga warin fatu daga wajen 'yan awaki. Ya sayi kuɓewa da kuka ba tare da ya taɓa su da hannu ba. Wajen mai ya sa aka goge bakin mazurari sau biyu. Wajen daddawa ya tsaya daga gefen da iska ba ta kaɗowa, ya nuna da yatsa. Sai da jakar ta cika sannan ya yarda da abin da ya kawo shi, ya nufi layin 'yan dankali.

Layin ya fi na Gaya tarkace. Ga farin da aka saba, ga ja mai farin ciki, ga mai cikin nan kamar karas wanda ya shigo 'yan shekarun nan, wanda shi kansa sai da ya yi jim kafin ya fara gutsura. A tsakiya wata tsohuwa ta kasa tumuku ƙanana kamar ƙwallon goruba da aka cinye, da rizga sirara kamar yatsun hannu. Rabon da ya ga rizga tun mahaifiyarsa na da rai. Ya tsuguna ya zaɓi kashi biyu don Adawiyya, yana karkaɗe ƙasar da ke jiki. Tsohuwar ba ta san shi ba. Tana zuba masa a leda ta ce, tun da ta ga baƙo ne, kada ya ƙarasa ƙarshen layin. Akwai wani mutum can da dankalin maƙabarta.

Ya tambaye ta wane irin dankali ne haka. Ta ce a tsohuwar maƙabarta aka noma shi, shi ya sa cikinsa jini ne. Babban dillalin Gaya, wani Garzali, ya gutsura, nan take ya yi aman jini, yanzu haka yana kwance ba ya gane mutane. Mai dankalin da ke kusa da ita ya ce ba maƙabarta ba ce, da ruwan kwata aka yi ban-ruwa. Wani saurayi mai sayen rogo ya ce shi ya ji allura ake yi musu ɗaya bayan ɗaya. Garzali ya tambayi tsohuwar ko ta ga wanda ya ga aman. Ta ce mijin maƙwabciyarta na wurin, har rigarsa ta ɓaci.

Ya miƙe da ledar a hannu. Ya ji maganarsa ce, tasa ta kansa, an tauna ta kwana uku daga wannan baki zuwa wancan, an dawo masa da ita da yawun mutane a jiki. Duk ƙazantar da ya taka tun safe ba ta kai wannan ba. Ya dubi bakin tsohuwar, da guntun goro a gefen leɓe, ya kawar da kai. Sai dai ya san bakin da abin ya fara fitowa.

Gana na can ƙarshen layin, bayan an wuce masu suya, dab da juji. Sauran 'yan dankali ne suka roƙe shi ya matsa kada ya kashe musu kasuwa. Buhu goma sha biyu na jingine, ɗaya a buɗe, ya kasa kashi uku a kan tsohon buhu, ya karya guda ya ɗora a sama. Ƙudajen jujin sun samu wurin zama. Da ya hango Garzali sai ya miƙe tsaye, ya karkaɗe wani buhu ya shimfiɗa masa.

"Malam Garzali, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya iyali?"

Shekara ashirin da wani abu, bai taɓa ce masa Malam ba. Garzali ya amsa gaisuwar, ya zauna. Ya gwada cewa ashe Barebari har juji suke gado, amma maganar ta faɗi a tsakaninsu ba wanda ya ɗauka. Gana ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Ba a fushi da abokin wasa, ai ka sani," in ji shi. "Ban yi fushi ba. Gaisuwa ce kawai."

Garzali ya tambaye shi ko ya sayar da wani abu. Ya ce wani ya ɗauki guda biyu ɗazu, don ya kai wa malaminsa ya duba ko sammu ne.

Garzali ya ajiye jakar cefane da galan a inda ƙasa ta fi bushewa. Ya jawo buɗaɗɗen buhun, ya zura hannu tsakiya, ya zaro guda. Ya kankare. Wani ɗan sari da ke zuwa Gaya ya hango shi, ya tsaya, ya ce wa na kusa da shi ai ga Garzalin can da aka ce yana kwance. Kafin ya karya dankalin mutane sun fi ashirin, har da tsohuwa mai rizga, wadda ta bar kayanta ta taho tana gyara mayafi.

Ya karya. Launin na nan yadda ya bar shi. Yawun ya sake taruwa, wannan karon ya haɗiye shi. Ya runtse ido ya kai baki ya gutsura. Dankali ne. Bai kai fari zaƙi ba, ya fi shi tauri, da ɗan ƙamshin ƙasa a ƙarshe, kuma daga yadda yake bushewa a harshe ya san in aka dafa zai yi gari. Harshensa bai sami laifi ko ɗaya ba. Wani daga baya ya ce ai ido ya rufe, kamar mai shan maɗaci. Garzali ya buɗe ido. Ya dubi inda haƙoransa suka shiga, jiƙe da yawu, ya ƙara duhu, ya sake gutsura yana kallo. Ya tauna, ya haɗiye. Ya yi na uku. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Dankali ne, lafiyarsa ƙalau," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma an yi tsit. "Ranar nan a Gaya ban ɗanɗana ba na tofar. Maganar maƙabarta kuma wasa ne tsakanina da mutumin nan. Ni na faɗa, ba wani ba."

Da abin ya tsaya a nan da ya yi. Amma cikinsa bai ji bayanin ba. Ya ji abin na tasowa, ya miƙe da sauri, ya zaga bayan wata zana, ya durƙusa. Zana ba ta ɓoye ƙara. Abin da ya fito kuma da launinsa ya fito, ya kwanta a kan caɓi inda duk mai son gani zai gani. Da ya dawo yana goge baki da bayan hannu, taron ya ja baya taku uku. Tsohuwa mai rizga na gyaɗa kai, kamar wadda aka tabbatar wa da magana. Gana ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa.

Wata dattijuwa ce ta yi magana daga bakin kaskonta. Adama sunanta, mai suyar dankali da awara, wadda rumfarta ce ta ƙarshe kafin jujin. Ta ce ita tun safe take kallon mai dankalin nan, a gabanta ya ci dafaffe da ya zo da shi a kwano, ga shi nan zaune daram. Shi kuwa wannan baƙon, ta gan shi lokacin da ya wuce 'yan kifi da hula a hanci kamar mai sabon ciki. Aman irin wannan mutum ba shaida ba ne, ko ruwan randa ka ba shi a kofin wani zai mayar. Aka yi dariya, kuma a kan Garzali aka yi ta. Bai ɗaga kai ba.

Ta aiko aka ɗauko mata guda biyu, ta fere, ta yanka, ta zuba a mai. Mutane suka koma kan kaskon. Da ta tsame sai ga shi ya yi duhu kamar soyayyiyar hanta. Ta barbaɗa yaji ta ci ɗaya, ta ci na biyu, ta dubi man da ya rage a kasko. Ta ce ba ya shan mai kamar fari. Wannan maganar ce ta shiga kunnen sauran masu suya, ba ta Garzali ba. Wasu 'yan mata biyu da suka fito daga Islamiyya suka ce sun taɓa ganin irinsa a waya, suka ɗauki hoto, ɗaya ta karɓi yanka guda ta ci tana dariya. Adama ta ce za ta ɗauki buhu, amma a zazzage mata a ƙasa ta ga gindinsa.

Gana ya kama ƙasan buhun ya juye. Na sama suka gangaro lafiya. Na ƙasa suka fito a manne, da wani wari mai tsami da zaƙi-zaƙi wanda ya fi na jujin. Sun yi luguf, ruwa na fita, farar fumfuna ta lulluɓe wasu, ƙananan ƙwari suka tashi. Kwana uku a ɗaure cikin zafi, an loda an sauke sau uku. Gana ya tsaya riƙe da buhun da babu komai a ciki.

Wannan kam Garzali ya san shi, ruɓa ce ta gaske, kuma ya san in ba a ware yanzu ba, gobe da safe babu abin da za a tsinta. Ya cire babbar riga ya ninke a kan jakar cefane, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya ce wa Gana ya kwance sauran. Ya tsuguna. Na farkon da ya kama, yatsansa ya nutse a ciki har gaɓa ta biyu, wani ruwa mai ɗumi ya gangaro masa a tafin hannu. Ya yi kakari, amma ba sauran abin da zai fito. Ya jefa shi gefe ya kama na gaba.

Haka suka yi har aka kira la'asar, suka yi salla suka dawo. Mai kyau dama, ruɓaɓɓe hagu, wanda ya fara taɓuwa a yanke gefen a ba Adama da arha ta soya yau. Garzali na matsa kowanne da babban yatsa a kai da gindi, yana goge masu kyau da tsumma, yana shanya su kada su koma buhu da laima. Ƙudaje na sauka a fuskarsa ba hannun da zai kore su. Ba su yi magana ba sai ta aiki. Buhu goma sha biyu suka koma bakwai. Sauran suka kwashe a kwando suka kai juji, sawu tara.

Adama ta ɗauki buhunta. Wasu mata suka sayi kashi-kashi, har buhu na biyu ya tashi, wasu na cewa don yara su gani ne. Da yawa kuma sun tsaya a kan maƙabartarsu, suka wuce suna tofar da yawu. Kasuwa ta fara watsewa da buhu biyar a jingine.

Garzali ya ce a nemo kurkura a kai su Gaya, rumfarsa. Gobe zai je tasha da kansa ya sami Bilki, ya faɗa mata abin da ya faɗa a nan, ya ci a gabanta. Gana ya tambaye shi ko zai sake yin aman. Ya ce wataƙila, amma ba zai karya kumallo ba, don abin ya zo da sauƙi. Gana ya ɗauko butarsa ya riƙa zuba masa ruwa a hannu. Garzali ya cuɗa da ƙasa, ya cuɗa da toka daga murhun Adama, warin bai fita ba.

"Buhu biyar ɗin can da muka zubar," in ji Gana, yana kallon ruwan da ke zuba, "hatsin wata uku ne."

"Na sani."

"To. Na ga kamar gara in faɗa."

Aka loda buhunan. Garzali ya ce masa ya hau su tafi tare, ya kwana a Gaya. Gana ya ce wakensa na gona ba a roro ba, gida zai koma, abin da aka samu a aiko da mai mota. Ya ƙara da cewa yaɗon na nan a gindin rijiya, kuma baɗi ma shi zai dasa, don gidansa sun saba da shi. Garzali ya ce ya dasa rabin fadama, rabi ya bar wa fari. Gana ya ce zai duba.

Babu wuri a gaba, direban ya ɗauko matarsa. Garzali ya miƙa jakar cefane da galan, ya taka taya ya hau kan buhunan ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, a nesa da riga. Gana ya juya ya nufi inda baburan Gafasa ke tsayawa, da kwanonsa a hammata. Kurkurar ta fita daga caɓin kasuwa ta hau kwalta, Garzali na jera a ransa abin da zai fara ce wa Bilki.